Daga Fadar Sarki Zuwa Fadar Samari

Kalmar fada ma'ana biyu gare ta a bakin mutanen Jiratawa na yau. Idan dattijo ya ce za shi fada, kowa ya san ƙofar sarki ya nufa, inda ake tuɓe takalmi, a faɗi a yi gaisuwa, a saurari shari'ar gona da ta aure. Idan kuwa saurayi ne ya faɗi haka bayan sallar isha'i, to benci ya nufa a gindin wani bango, inda abokansa suka kewaye ɗan murhun waya, buta tana tafasa a kan gawayi. Dattawa da yawa ba su so wannan aron suna ba sa'ad da ya ɓullo, suna ganin raini ne a kira mazaunin marasa aiki da sunan mazaunin sarki. Amma wanda ya bi tarihin kwarin Gulbin Maraɗi a hankali zai tarar aron yana da tushe. Tun zamanin kakanni abota a wannan ƙasa takan fara da mutum biyu, ta zama goma, ta naɗa shugaba, ta kafa doka, ta ɗauki nauyin aurar da wannan da jana'izar mahaifin wancan, har ta zama makarantar da yaro ke shiga ya fito magidanci. Kuma duk lokacin da ta tashi yin tsari, a ƙofar sarki take ɗaukar samfuri. Saboda haka ya dace a ba ta nata shafi a littafin tunawa da tarihin sarauta.

Ita kanta ƙasar a kan amana aka gina ta. Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a shekarar 1807, jikokin Korau sun yi ta gudun hijira har Sarki Ɗan Kasawa ya sami wurin zama a Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka gwabza yaƙin Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi galaba, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama a fage ɗaya. Sarkin Katsina Ɗan Mari ne ya tsaya wa Mayaƙi na Gobir har ya kafa Tsibiri, tafiyar ƴan kilomitoci daga Maraɗi, garuruwan biyu suka jingina baya da juna. Wannan abota ce ta sarakuna, ta siyasa da takobi, kuma masana tarihi sun san ba kullum ta kwana lafiya ba. Duk da haka ta nuna irin zaman da aka yi a kwarin nan cikin ƙarni na 19: zaman bakin daga, inda manomi ba ya nisa da ganuwa shi kaɗai, mahayi kuma ba ya fita sai ya san wanda zai tsaya ya ɗauko shi idan dokinsa ya faɗi.

A irin wannan zamani fada ita ce babbar makarantar maza. Uba yakan kama hannun ɗansa ya kai shi ga wani mai sarauta, Ƙaura ko Galadima ko Ƴandaka ko Durbi, ko wani na ƙasa da su, ya ce ga yaronka. Yaron ya yanko ciyawar doki, ya riƙe linzami, ya kai saƙo, ya zauna a bakin zaure yana jin yadda manya ke magana da yadda suke yin shiru. Ubangida ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure, wata rana ya ɗora shi kan doki. Wannan ita ce barantaka, karatun da ba shi da allo ba shi da tawada. Barorin gida ɗaya kuma sukan shaƙu, har wani lokaci su fi waɗanda suka sha nono ɗaya riƙon sirrin juna.

Talakan ƙauye, wanda bai taɓa riƙe linzamin kowa ba, shi ma yana da tasa hanyar. Yaran da wanzami ya yi wa shayi a lokacin ɗari ɗaya, suka kwana ɗaki guda suna jinya, suka tashi suna kiwon awaki tare, suka sha bulalar malami ɗaya, su ne tsara, kuma daga cikinsu mutum ke fitar da amini. Abin lura ne yadda kalmar ta zagayo: da can shayin wanzami ke ƙulla abota, yau shayin buta ne. Dalilin da ya sa aboki ya zama dole kuwa shi ne kunya. Magidancin wancan zamani ba ya zama da ɗansa su yi hira, balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba a faɗi. Saurayi yakan yi yawancin kwanakin mako a gandun mahaifinsa, sauran ya duba gamanarsa. Uba ne ke cika masa ciki, shi ke biya masa lanho, shi ke yi masa auren fari, amma ba shi za a gaya wa an ga wata yarinya a dandali ba. Aboki ne ke ɗaukar maganar ya kai wa baffa ko kawu, shi ke raka zance, shi ke riƙe kuɗin toshi don kada mai shi ya ci, ranar biki shi ne babban aboki, shi ke ciniki da ƙawaye wajen sayen baki. In aka kwana biyu amarya ta yi yaji, shi ne na farko da zai sa takalmi ya tafi biko, ya sha faɗan surukai a madadin wanda ya yi laifi.

Gudummuwar biki ita ma bashi ce da ba a rubuta ba. Wanda ya kawo maka dala 20 ran sunan ɗanka, kai ma za ka kai masa fiye da haka ran nasa, kuma duk gari yana lissafi ko da ba a faɗa ba. Wani masani Bafaranshe, Claude Raynaut, ya yi nazarin ƙauyen Sumarana, nan maƙwabta cikin kwarin gulbi, ya fitar da littafi a farkon shekarun 1970 inda ya auna dangantakar da mutum ya gada da wadda ya zaɓa da kansa. Abin da ya cika shafuffuka yana bayani da Faransanci, kowace tsohuwa a Jiratawa ta san shi: ɗan'uwa rabo ne daga Allah, aboki kuwa kai ka zaɓe shi, shi ya sa jin kunyarsa ya fi ciwo.

Idan irin waɗannan abokai suka yi yawa a gari, sai su zama samariya. Su zaɓi ɗaya daga cikinsu wanda ya iya magana kuma hannunsa a sake yake, su kai shi ga mai gari, a sa masa albarka, ya zama sarkin samari. Shi kuma ya naɗa nasa galadima da nasa alƙali da masu kai saƙo, daidai da yadda ya gani a ƙofar sarki. Da Nasara ya zo, sai sarautun suka ƙaru, aka sami gwamna da kumandan da likita a cikin yaran da ba su taɓa shiga lakwal ba. Bayan an kai amfanin gona gida, a wasan kara, sukan yi bindigogi da tabarau da motoci da karan hatsi, su kwaikwayi masu mulki tun daga tafiyarsu har zuwa tsawarsu, manya na kallo suna dariya, wani lokaci dariyar ta yaƙe ce.

Amma wasa shi ne ƙaramin aikin samariya. Babban aikinta gayya. Mutum ya ga ciyawa za ta cinye masa hatsi, ko saurayi yana son ya burge surukai, sai a kai goro ga sarkin samari, a sa rana. Da sassafe makaɗi ya saki gangar noma, samari su jera, ƴan mata su biyo da ƙoren fura, a riƙa yi wa kowa kirari da sunan mahaifinsa, gonar da za ta ci wa mutum ɗaya kwana goma a gama ta kafin azahar. Wanda ya ƙi fita ba tare da uzuri ba, alƙalin samari ya ci shi tara. Wanda ya zagi na gaba da shi, a hana shi shiga dandali har sai ya kawo goron ban haƙuri. Wanda ya saba guje wa gayyar mutane, ran tasa sai ya tarar shi da haiwarsa ne kawai a gona. Su ke gyaran hanya da rijiya, su ke share maƙabarta, su ke ɗaura wa tsohuwar da ba ta da ɗa jinka kafin ruwa ya sauka, su ke tarbar baƙon sarki. A nan yaro ke koyon abin da gida ba ya koya masa: ya yi magana a gaban tsaransa ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, ya karɓi hukuncin da bai so ba, ya riƙe kuɗin jama'a ya mayar da su cif. Masu unguwanni da yawa, da limamai da ƴan kasuwa, a wannan fili aka fara gane su. Lokacin da ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi aka koma kan tudu, mutanen da suka yi wannan ƙaura sun riga sun saba da aikin da hannu ɗaya ba ya yi.

Siyasa ce ta fara canza fuskar samariya. A 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, a shekarar kuma aka kafa jam'iyyar PPN-RDA, daga baya Sawaba ta Jibo Bakari ta fito. Kowace ta gane cewa wanda ya sami samari ya sami gari. Bayan samun ƴancin kai a 1960, jam'iyya ɗaya ta rage a fili, samari suka koma masu kiɗa da tafi ran da babban baƙo zai zo. Wani abu guda daga wancan zamani ya cancanci a tuna da shi, domin zai sake dawowa a wata kama: ƙungiyoyin masu sauraren rediyo da aka kafa a 1962, inda mutanen ƙauye ke taruwa a kan akwati ɗaya su saurari shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo.

A kasuwa kuwa barantakar fada ce ta sauya riga. Cinikin gyaɗa ya ɗaga Maraɗi, yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya karkato mata da wasu hanyoyin kaya, fari ya kashe gyaɗar a shekarun 1970, alhazai suka koma fataucin yadi da taba da hatsi ta kan iyaka. Emmanuel Grégoire, wanda littafinsa a kan alhazan Maraɗi ya fito a 1986, ya nuna cewa dukiyarsu a kan mutane take tsaye: bara da ke bin ubangida shekaru yana ɗaukar jaka, har a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, da kuma abokin haraka a Katsina ko Kano, wanda ake tura wa kayan miliyoyi babu takarda babu sa hannu, sai amana. Yaron da ya ci amana sau ɗaya ya gama kasuwa daga Maraɗi har Jibiya.

Ran 15 ga Afrilun 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, ƙasa na cikin yunwa. Seyni Kunce ya rushe jam'iyya, ya ga yana buƙatar wata igiya da za ta kai shi kowane ƙauye, sai ya ɗauko samariya ya kakkaɓe ta. Tsarin raya ƙasa da gwamnatinsa ta shimfiɗa ginshiƙi biyu gare shi, samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma. Waɗanda suka yi samartaka a lokacin suna tuna shi da ɗoki, kuma suna da hujja. Samari sun buga tubali sun gina azuzuwa, sun shuka itatuwa, unguwanni sun sami gidajen samariya inda ake wasan kwaikwayo da waƙa. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na jahar Maraɗi ya dawo da takobi, shi ya sa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram. A 1984 nan Maraɗi aka yi babban taron yaƙi da hamada. Jiratawa ma ta ga nata rabon a farkon shekarun 1980, sa'ad da aka shimfiɗa filin noman rani mai kimanin hekta 500, da rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki, aka rarraba manoma rukuni-rukuni, kowane rukuni da rijiyarsa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma littafin tarihi ba wurin ɓoye ta ba ne: abotar da aka yi da umarni ba ta kai wadda aka yi da zaɓi ƙarko ba. Sarkin samari ya zamana sau da yawa mutum ne mai furfura, mai kuɗi ko mai kusanci da hukuma. Fita aiki ta zama dole, kuma mutane sun riƙa tauna magana kafin su faɗe ta, don ba a san kunnen da zai kwashe ta ba. Kunce ya rasu a watan Nuwamban 1987. Da Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, samariyar gwamnati ta zube kamar rumfar da aka zare wa dirka, kuma ta tafi da ragowar ta gargajiya da ta haɗiye.

Samarin da suka taso a wannan tsakani su ne suka ga ta kansu. Gwamnati ta tsuke ɗaukar ma'aikata, albashi ya riƙa makara watanni, yajin aiki ya ci shekarun karatu, a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A ƙauye gandu ya tsattsage, gonar da kaka ya noma shi kaɗai jikoki ashirin ke jiran rabonta. Birnin Maraɗi da ke da mutum kusan 45,000 a ƙidayar 1977 ya haura 267,000 a ƙidayar 2012. Saurayi ya wayi gari da takardar makaranta a aljihu, ba aiki, ba gona, ba kuɗin aure, uba kuma ba shi da abin da zai ba shi sai faɗa. Ɗakin da ya kwana na ƙannensa ne da rana, zauren gida na mahaifinsa ne da abokansa. Bakin titi kaɗai ya rage masa, da aboki ɗaya ko biyu da suke cikin irin halinsa.

Daga nan fadar samari ta fito. Masu bincike suna danganta bunƙasarta da birnin Damagaram cikin shekarun 1990, da kuma gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, da suka buɗe a lokacin. Wanda ya san shirye-shiryen gaishe-gaishe na wancan zamani ya san yadda abin ya kasance. Takarda takan zo da sunan fada a sama, sannan shugaba, mataimaki, ma'aji, har zuwa ƙaramin da ake aike, kowa da laƙabinsa, kuma kaiton mai gabatarwar da ya tsallake suna ɗaya. Fadar da ba a ji sunanta a akwati ba ba ta ɗauki kanta a bakin komai ba. Wasu suka ɗauki sunayen biranen Amurka da ƙungiyoyin ƙwallon Turai, wasu suka zaɓi kalmomin haƙuri da zumunci, aka rubuta su da fenti a bango. Cikin ƴan shekaru abin ya game ƙasa, daga Yamai har ƙauyukan Madarunfa.

Yawanci mutum biyu ko uku ne ke fara ta, abokan aji ko maƙwabta, su haɗa kuɗin ganyen shayi da sukari. Shayin nan, wanda aka koya daga Buzaye da Larabawa, ba a sha shi da gaggawa. Sau uku ake ɗora buta, na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi, ana ɗaga hannu ana zubawa daga finjali zuwa finjali har kumfa ta tashi. Wanda ya zauna sai ya ga na uku, kuma a tsakanin na farko da na uku ake fitar da abin da ke ciki. Nan ne mutum zai ce bashi ya kama shi, ko mahaifiyarsa ba lafiya ba shi da kuɗin magani, ko yarinyar da yake nema an ba wani mai babur. Maganar da namiji ba ya faɗa wa uba saboda kunya, ba ya faɗa wa mata saboda girman kai, a nan take fita, a yi mata ba'a tukuna, sannan a nemi mafita. Adeline Masquelier, wadda ta yi shekaru tana nazarin fadodin Dogon Dutse da Yamai, ta fitar da littafi a kansu a 2019, ta nuna cewa abin da mai wucewa ke gani kamar zaman banza, a wurin masu shi hanya ce ta riƙe mutunci a lokacin jira.

Da zama ya yi nisa sai asusu ya shigo. Kowa ya zuba dala 20 ko 40 a mako, ma'aji ya rubuta a ɗan littafi. Ɗaya ya kwanta gidan likita, a buɗe asusu. Matar ɗaya ta haihu, fada ce ke kafa rumfa, ta jera kujeru, ta raba goro. Ran aure su ne abokan ango, kamar dai kakanninsu. Wasu sukan yi adashi har kowa ya sami na sayen babur ya shiga kabu-kabu, ko ya kafa tebur. Wanda ya sami gurbi a garejin wani ya ja abokinsa, wanda ya iya ɗinki ya koya wa ƙanen wani. Idan rani ya yi aka tafi Kano ko Ikko, ko Libiya da Aljeriya, ko wajen zinariyar Jado da ta ja dubban samari daga 2014, tare ake tafiya, wanda ya rage a gida kuma shi ke leƙa iyayen wanda ya tafi, shi ake turo wa saƙo ya kai. Da dare kuwa, unguwar da fada ke zaune har ƙarfe biyu ɓarawo yakan yi mata nisa.

Abin da ya fi kama da tsohuwar fada shi ne yaron aike. Kusan kowace fada tana da ɗan shekara goma sha da ake tura sayen gawayi, ya hura wuta, ya wanke finjali, a ba shi na uku ya sha. Ba a tanka masa, shi ma ba ya tanka wa kowa, amma kunnensa a buɗe yake. Yana jin yadda ake sasanta biyu da suka yi faɗa, yadda ake kunyata wanda ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, yadda ake lissafin riba da faɗuwa. Bayan shekara biyar shi da tsaransa sun kafa tasu a bangon gaba, kuma in abu ya gagare su, ga yayyen suke komawa. Shi ne yaron nan mai yankan ciyawar doki, an dai canza masa aiki.

Masu sukar fada ba su rasa abin faɗa ba. Akwai wadda ba abin da ake a cikinta sai karta da gulma da tare ƴan mata a hanya. Akwai wadda ƙwaya ta shiga ta lalata. Lokacin zaɓe ƴan siyasa sun san ƙofar kowace, sukan zo da buhun sukari da kwalin shayi, a tafa musu, a rabu har wani zaɓen. A Damagaram wasu ƙungiyoyin samari sun rikiɗe sun zama na ƴan daba masu faɗa da makami. Zama da maɗaukin kanwa, in ji masu iya magana, shi ke kawo farin kai, kuma uban da ya hana ɗansa wata fada sau da yawa ya san abin da ya gani. Sai dai wanda ya dubi fadodin da suka gyaru da waɗanda suka ɓaci zai ga bambancin ba a shayi yake ba. Samariyar da tana da mai gari a bayanta, barantaka tana da ubangida. Fadar da ke da wani babba kusa, mai unguwa ko limami ko wani tsohon ɗan fada da ya zama magidanci, wanda zai tsaya ya sha finjali ɗaya ya tambayi lafiyar asusu, ita ce ke daɗewa. Dattawan da suka ɗauke kai suka bar bencin ga yara kaɗai suna da nasu kason a cikin abin da suke kuka da shi.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa wannan magana nauyi. Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, kuma duk rufewa samarin da ke ci daga hanyar Ɗan Isa ne ke fara jin ta a jiki. Ƴan bindiga masu satar shanu da mutane sun addabi ƙauyukan kan iyaka a gundumar Madarunfa. Saurayin da ba shi da aiki, ba shi da mai jin kukansa, akwai masu neman irinsa. A filin noman rani na Jiratawa, inda zogala ta zama abin alfahari, manoman da ke tarayya a rijiya ɗaya sun san cewa kuɗin wutar famfo a kan kowa yake, in ɗaya ya kasa, shukar kowa ce ke jin ƙishirwa, don haka rufa wa juna asiri a can ya wuce zancen kirki, ya zama sharaɗin girbi.

Wani reshe na wannan tarihi ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Wajen 2008, Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, UNFPA, tare da hukumomin kiwon lafiya, ya fara makarantun mazaje a jahar Damagaram da guda 11, bayan bincike ya nuna cewa sau da yawa miji ne ke hana mace zuwa awo da haihuwa a gidan likita. Daga baya tsarin ya iso jahar Maraɗi da sauran jahohi. Ba aji ba ne, ba malami. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba, waɗanda gari ya shaida halinsu kuma matansu ke zuwa gidan likita, suke zama sau biyu a wata, su dubi matsalar da ungozoma ta kawo musu, su raba kansu su bi abokansu gida-gida. Mijin da ba zai saurari ma'aikaciyar lafiya ba yakan saurari wanda suka yi kiwo tare. A wurare da dama su da kansu suka buga tubali suka gina wa ungozoma ɗaki ko suka kewaye gidan likita, aikin gayya sak. Sarakuna da limamai ne suka buɗe musu ƙofa a garuruwa, don ba a tara magidanta a kan maganar haihuwa sai da yardar fada. Amma a dokar makarantar an ce ba shugaba, kowa daidai yake da kowa, ana karɓa-karɓar jagorancin zama. A cikin duk ƙungiyoyin maza da kwarin nan ya gani tun zamanin Ɗan Kasawa, ita ce ta zo ba ta naɗa galadima ba.